Wa Ke Zaɓa Mana Fim? Waiwaye Daga Majigi Zuwa Mamori

Duk shekara, da zarar an yanke dawa an ɗaure dammuna an kai rumbu, sanyin hunturu ya fara leƙowa, mu 'yan zaman kallo na ƙauyenmu da ke ƙasar Ɗambatta mukan shimfiɗa tabarma a ƙofar gida bayan sallar lisha, mu ɗauko gardamar da muka ajiye bara: da wane fim za mu buɗe bana? Ba mu kai mutum ashirin ba. Akwai malamin firamare, akwai tela, akwai mai facin taya, sauran duk manoma ne, sai dattawa uku da ba a yanke magana sai sun sa baki. Ƙa'idarmu guda ce, fim ya zama na ƙasar waje kuma tsoho, irin wanda aka ce tsohuwar zuma da ita ake magani. Wannan gardama da muke yi sabuwar aba ce a ƙasar nan. Shekaru kusan tamanin mutanen karkarar Kano suna kallon fim, amma mafi yawan shekarun nan wani ne can yake zaɓa, mu namu zama da zuba ido.

Farkon mai zaɓa mana gwamnati ce. Tun ƙarshen shekarun 1920 wani Bature jami'in lafiya a Legas, William Sellers, ya fara amfani da fim wajen wayar da kan jama'a game da annoba da tsabta, kuma a 1939 aka kafa sashen fina-finai na ƙasashen mulkin mallaka a Landan, shi ne ya shugabance shi. Daga nan motar majigi ta shiga karkara. Dattawanmu suna ba da labarin yadda ake yi kamar jiya aka yi. Da rana mai shela zai zaga ya ce yau akwai majigi a ƙofar gidan hakimi. Kafin magariba mutanen ƙauyukan kewaye sun taso, wasu a ƙasa wasu a jaki, domin a ƙasar nan gari ba ya nisa da gari, gona ce ke haɗe da gona tun daga ganuwar birni har iyakar Kazaure. A kafa farin ƙyalle, a tayar da inji, tafinta ya riƙe lasifika. Abin da za a gani an riga an tsara shi a ofis: yadda ake gyara bakin rijiya, amfanin lamba, yadda ake shuka gyaɗa da auduga a layi, zuwan Sarauniyar Ingila a 1956. A tsakani akan jefa guntayen barkwancin Charlie Chaplin don kada mutane su watse. Idan an bi diddigi, wannan ɗan siririn mai sanda da faffaɗan takalmi shi ne tauraron ƙasar waje na farko da manomin Kano ya yi wa dariya, ko da bai taɓa jin sunansa ba. Bayan samun 'yancin kai gwamnatin Jihar Arewa ta ci gaba da aikin. Har yau tsofaffi ba su manta da fim ɗin Baban Larai ba.

A birni kuwa wata hanya ce daban ta buɗe. An buɗe silimar Rex a 1937, a wajen ganuwa, kuma tun daga farko malamai ba su yi na'am da abin ba, har ana kiransa dodon bango. Gobarar silimar El Duniya ta 1951, wadda ta ci rayuka fiye da ɗari uku, ta ƙara wa mutane tsoro. Duk da haka aka buɗe Palace a cikin birni kusa da kasuwar Kurmi, daga baya ga Plaza, ga Orion, ga Eldorado, ga Marhaba. Masu gidajen da masu shigo da fina-finan yawancinsu 'yan Labanan ne, su ne masu zaɓe na biyu. Sun kawo na kaboyi daga Amurka, sun kawo na Masar, sannan a shekarun 1950 suka gwada na Indiya, sai abin ya kama kamar wutar kara.

Mutumin ƙauye bai da silima, amma yana da ɗan ci-rani. Da an gama aikin kaka samarin Bichi da Kunci da Makoɗa da Ɗambatta sukan gangara Kano, wani dako, wani ga-ruwa, wani leburanci. Cikin abin da suka tara akan cire kuɗin tikiti. Idan damina ta kawo kai suka dawo, sai fim ya iso ƙauye ta baki. A dandali, ko a inuwar gawo lokacin hutun gayya, wanda ya gani zai zauna ya warware labarin tun daga tushe, yana kwaikwayon tafiyar jarumi, yana rera waƙar da Indiyancin da kunnensa ya ɗauka. Mutane da yawa a garinmu sun san Mother India ciki da bai shekaru kafin idonsu ya sauka a kansa.

Dole in tsaya a kan wannan fim, domin shi ne uwa ma ba da mama a zamanmu. Mehboob Khan ya fitar da shi a 1957, Nargis ta fito a matsayin Radha, Sunil Dutt kuma ɗanta Birju mai taurin kai. Labarin ba baƙo ba ne ga wanda ya tashi a gona. An ci bashi don a yi biki, mai ba da bashi Sukhilala ya riƙa kwashe mafi yawan amfanin gona duk kaka da sunan ruwan kuɗinsa, shanun noma suka tafi, miji ya rasa hannuwansa ya bar gida don kunya, ambaliya ta share abin da ya rage, mace ta ja garma da wuyanta don ta ciyar da 'ya'ya. Wanda ya taɓa cin bashin hatsi da damina ya biya ninki da kaka, ko ya ga gonar gidansu ta tafi a jingina ba ta dawo ba, ba ya neman tafinta a nan. Ga kunya, ga biyayya ga iyaye, ga auren da manya suka ƙulla, ga lulluɓi da rawani. Shi ya sa na Indiya suka zauna mana daram a inda na kaboyi suka wuce kamar iska. Brian Larkin, wanda ya zauna a Kano a shekarun 1990 ya rubuta littafi kan silima a nan, ya tarar ana haska fim ɗin shekaru da dama bayan fitowarsa, mutane na cika gida suna bin waƙoƙin baki da baki.

Sai talabijin ta zo ta karɓi zaɓen. Tashar NTA Kano ta mayar da fim ɗin Indiya abincin dare, daga baya CTV da gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa ta bi sahu. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya bi lissafin abin da NTA Kano kaɗai ta nuna daga 1977 zuwa 2003, ya tarar sun haura dubu. A ƙauye akwatin baƙi-da-fari ne guda ɗaya a gidan wani mai hali, da batirin mota da ake ɗorawa a keke a kai caji gari. Babban abin da talabijin ta yi shi ne ta shigar da fim cikin gida. Matar aure ba ta zuwa silima, ba ta ma kusantar ƙofarta, amma ga shi yanzu fim ya same ta a tsakar gida. Iyayenmu mata da suka san Hema Malini da Rekha ta nan suka san su, kuma idan ana neman wanda ya riƙe labarin tsohon fim daidai babu tsallake, su ake tambaya.

Bidiyo ce ta fara ba mu ɗan yanki na zaɓi. A shekarun 1980 kaset ya bazu, aka fara kafa gidajen kallo har a ƙananan garuruwa: rumfar zana, bencina, janareta a baya yana ruri, sai allo a ƙofa da aka rubuta fina-finan yau da alli. Mai gidan kallo kan tafi Kano, ya shiga kasuwar Ƙofar Wambai ko ya tsaya Bata, ya ciko jaka. A Ƙofar Wambai ake jera injina ana kwafa dare da rana, asalin kaset ɗin kuwa sau da yawa ta Dubai ya biyo, shi ya sa muke ganin rubutun Larabci a ƙasa da tallar shaguna tana gilmawa a kan fuskar jarumi. Kwafin kwafin kwafi ne ke iso mu. Launi ya koɗe, murya tana rawa, wani lokaci hoto ya yi ta birgima sai an daki akwatin. Ina tuna mai gidan kallon garinmu da ɗan ƙyalle da kwalbar sifirit a aljihu, idan ƙura ta toshe kan bidiyo sai ya buɗe murfi ya goge, jama'a na jira ba mai tashi. Idan kaset ya tsinke ya liƙe da salatif, abin da ya salwanta a tsakani wani daga cikin 'yan kallo ya cike da baki.

A wannan zamani ne sunayen da muke kira tsofaffi yau suka kafu a zukata. Sholay na 1975, da Amitabh Bachchan da Dharmendra da bos ɗin da ba a yi kamarsa ba, Gabbar Singh. Disco Dancer na 1982. Maine Pyar Kiya na 1989. Har laƙabi aka raɗa wa 'yan wasan kamar 'yan unguwa, Dharmendra ya zama Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt ya zama Ɗan Daba Mai Lasin. Bruce Lee ya shigo da Enter the Dragon na 1973, yara suka cika dandali da tsalle da ihu, Rambo da Kwamando suka biyo baya. Sannan akwai fina-finai biyu na Moustapha Akkad da suka sa har waɗanda ba sa taka ƙofar gidan kallo suka ari bidiyo zuwa zaurensu: The Message na 1976 kan farkon Musulunci, wanda ba a nuna Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba kuma a ji muryarsa ba, da Lion of the Desert kan Umar Mukhtar na Libiya, inda Anthony Quinn ya fito da farin gemu da tabarau. Zaɓin dai yana hannun ɗan kasuwa, amma a karon farko mutum yana iya cewa mai gidan kallo, idan ka koma birni ka taho mana da kaza, kuma a taho da shi.

Daga nan abubuwa suka yi ta zuwa da sauri. Ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a 1990, fim ɗin Hausa ya tashi, kafin ƙarshen shekaru goman nan shi ya mamaye kasuwar kaset, duk da cewa rawa da waƙarsa daga na Indiya ya ɗauko su. A 2000 aka ƙaddamar da shari'a a Kano, a 2001 aka kafa Hukumar Tace Fina-finai, gidajen silima na birni suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya. A ƙauye kuwa abin da ya kashe zaman fim ba doka ba ce. Tauraron ɗan'adam ne ya sauka a kan rufin rumfa, gidan kallo ya koma gidan ƙwallo, allon da ake rubuta Sholay aka koma rubuta Arsenal da Chelsea. Faifan CD ya kori kaset, DVD mai fim goma a faifai ɗaya ya kori CD, buhunan kaset suka koma ƙarƙashin gado da saman rumbu, zafi da gara da ɗigar damina suka yi musu aiki.

Yau an san yadda ake. Kowa da wayarsa, kowa da mamorinsa, a kowace kasuwa ga masu tura fim da kwamfuta a gabansu. Fassarar Algaita da takwarorinta ta sa jaruman kudancin Indiya suna magana da Hausar Kano, kuma ban raina wannan aiki ba, ya buɗe wa mutane labarin da a da sai dai su yi hasashe. Sai dai mai fassara kasuwa yake bi, kasuwa kuwa sabo take so, mai faɗa da tashin motoci. Tsofaffin da suka rene mu kaɗan ne suka samu shiga. Kuma kallon ya zama na mutum ɗaya, yaro ya juya baya ya toshe kunne, fuskarsa kaɗai ke haske a duhu. Wannan ne ya sa muka kafa zamanmu shekarun baya kaɗan, da ƙaramar na'urar haskawa da muka haɗa kuɗi muka saya, da batirin sola, da bangon makaranta da muka shafa wa farar ƙasa. Ranar da zaɓi ya dawo hannunmu gaba ɗaya, ranar muka gane cewa samo abin da muke so ya fi wuya fiye da lokacin da ake zaɓa mana.

Wahalar farko suna ne. Dattawanmu ba su riƙe sunayen fina-finai ba, abin da ke ciki suka riƙe. Ɗaya zai ce a nemo mai giwaye, wannan mai sauƙi ne, Haathi Mere Saathi na 1971 ne, na Rajesh Khanna. Amma bara babbansu ya ce shi mai macijiya yake so. Malamin firamarenmu, wanda shi ke riƙe da littafin zama, ya ce, "Baba, ai masu macijiya suna da yawa. Wanne daga ciki?" Ya ce, "Kai yaro, wanda take rikiɗa ta zama mace mana." "Baba, a biyu duk tana rikiɗa." Tsohon ya yi shiru, ya murza gemu, can ya ce, "Wanda aka harbe mijinta, ta duba idonsa ta ga waɗanda suka yi, ta bi su ɗaya-ɗaya." Nan muka gane Nagin na 1976 yake nufi, na Reena Roy, ba Nagina na 1986 na Sridevi ba. Da ba mu tsaya mun tambaya ba, da mun sha wahalar banza mun kawo masa abin da zai kalla minti goma ya tashi.

Bayan suna sai nema. Mun fara da magadan tsohon mai gidan kallo, suka fito mana da buhu biyu, muka zauna yini guda muna gwadawa a wata bidiyo da mai gyaran rediyo ya tayar mana. A cikin tarin nan 'yan kaɗan ne suka nuna hoto, sauran sun manne ko sun yi fari. Amma takardun da ke jikinsu sun yi mana rana, domin da su muka rubuta jerin abin da garinmu ya taɓa gani. Ranar Lahadi idan an ci kasuwar Ɗambatta mukan bi masu turawa da wannan takarda, abin da ba su da shi mu ba ɗan'uwanmu mai zuwa kasuwar waya ta Farm Centre a Kano. Mafi yawa dai a YouTube muke samu, inda kamfanonin Indiya irin su Shemaroo da Rajshri suka zuba tsofaffin fina-finansu kyauta. Sai a samu mai waya mai ƙarfi ya hau inda sabis ke kamawa, ya sayi datar dare, ya kwana yana saukewa. Nan ma da sauran rina a kaba. Wani kwafin an datse waƙoƙi, wani an yanke rabin awa a tsakiya, wani an rubuta sunan fim daban a kai. Saboda haka ba ma haska komai sai biyu daga cikinmu sun kalle shi tun daga farko har ƙarshe, don a tabbatar cikakke ne, a kuma tabbatar uba da ɗa za su iya zama tabarma ɗaya su gani.

Ɓacewar fim ba matsalarmu ba ce mu kaɗai. Indiya da kanta ta nemi Alam Ara na 1931, fim ɗinta na farko mai magana, ta rasa, duk da tana da gidan adana fina-finai a Pune tun 1964. A nan gida ma Shaihu Umar na Adamu Halilu, na 1976, an daɗe ana ɗauka ya salwanta kafin a gano shi a gyara a nuna shi a Balin ta Jamus a 2018. Idan ƙasashe da hukumominsu na fama haka, buhun da ke ƙarƙashin gado a ƙauye ya yi ƙoƙari da ya kawo yanzu.

A wajen zaɓe, ra'ayina bai ɓoyu ba a zaman. Na fi son mu haska fim da harshensa na asali, mu ba dattijo kujera kusa da bango ya riƙa warware mana kamar yadda ɗan ci-rani yake yi a da. Yakan ƙara gishiri, yakan riga jarumi magana, amma yara sun fi nutsuwa da muryarsa fiye da kowace fassara. Na kuma daɗe ina roƙon cewa kowace shekara mu sa fim ɗaya da babu wanda ya taɓa gani a cikinmu, domin 'yan Labanan da tashar talabijin da 'yan Ƙofar Wambai ba duk mai kyau suka kawo mana ba, akwai abin da ya wuce su. Dattawa sun ƙi shekara biyu. Suka ce su abin da suka sani suke marmari, ba su fito cikin sanyi don gwaji ba.

Bana suka yarda, na kawo Do Bigha Zamin na Bimal Roy, na 1953, wanda ya samu lambar yabo a bikin fina-finai na Cannes a Faransa a 1954. Baƙi-da-fari ne, babu faɗa, waƙa kaɗan. Balraj Sahni ya fito a matsayin manomi mai ɗan fegi, mai ƙasa yana son fegin don a gina masana'anta, sai ya ɗaure shi da tsohon bashi, kotu ta ba shi wa'adi. Ya tafi Kalkata da ɗansa, yana jan keken ɗaukar mutane da ƙafa, yaron yana goge takalma, suna tara kwabo-kwabo. Malamin firamare ne ke karanta rubutun ƙasa yana juyawa zuwa Hausa, amma da aka yi nisa sai ya riƙa barin wurare da yawa ba fassara, ba kuma wanda ya nema. Rabin waɗanda ke kan tabarmar nan sun yi ci-rani, wasu 'ya'yansu suna Kano ko Abuja ko Legas a daren. Gonakinmu rabon gado ya mayar da su kamar tafin hannu, kuma duk mai zuwa birni yana ganin yadda turakun masu yanka filaye suka cinye gonakin da ke gefen hanya. Da aka zo ƙarshe, mutumin ya dawo ya tarar an yi gwanjon gonar ana gini a kanta, ya sunkuya ya ɗebi ƙasa cike da hannu, mai gadi ya hana shi tafiya da ita, ban ji ko tari ba.

Muka kashe na'ura, aka fara naɗe tabarmi. Babban dattijon nan, mai macijiya, bai tashi ba. Ya kira ni da hannu, na durƙusa gabansa. Ya ce, "Wannan tun yaushe aka yi shi?" Na ce, "Baba, shekara huɗu kafin Mother India." Ya jinjina kai. Ya ce, "To ranar Alhamis ku kai shi cikin gida, iyayenku mata su gani. Ni zan ba su labarin." Sannan ya miƙo hannu na ɗaga shi, ya karɓi sandarsa, jikansa ya haska masa hanya da fitilar waya.